Akushin da Aka Ce Mai Shi Ya Mutu

Kwana arba'in da ɗaya na yi a ƙasar Turai, kuma har yau idan wani ya tare ni a kasuwar Yelwa ya ce, "Malam Idi, kai kam ka ga duniya," sai in yi murmushi in wuce. Na ga duniya, ba ƙarya. Na kuma ga abin da ɗan'uwa ke iya yi wa ɗan'uwansa idan babu idon gida a kusa.

Ina koyar da zane a wata makarantar sakandare a Yelwa, amma kafin in riƙe alli, gizago na fara riƙewa. Mahaifina, Malam Ɗanladi, masassaƙi ne a wani ƙauye kusa da Wara, a bakin tafki. Turmi, akushi, filafilin jirgi, babu wanda ba ya yi. A tsohon ƙauyenmu aka haife shi, wanda ruwa ya ci lokacin da aka tare kogi a Kainji, yana yaro aka kwaso su zuwa tudu. A hannunsa na koyi sassaƙa. Da na haɗa da abin da na karanto a kwaleji, sai na riƙa yin akusa ina zana musu kifi da tsuntsu da ƙarfe mai zafi, in ƙona sunana a gindin kowane.

Kawu Labbo ƙanin Inna mahaifiyata ne. Ya fi shekara ashirin a Jamus, kuma idan ya zo gida har masu unguwa zuwa suke gaishe shi. Shi ya ga akusana, ya juya su ya sake juyawa, ya ce hannuna ya wuce Yelwa. Ya ce zai kai ni in zaga gidajen zane-zane da na kayan ado na da a Jamus da Beljiyam da Holand, in ga aikin manyan masu zane da idona, in kuma nuna nawa. Na ɗauki hutu a makaranta, na zaɓi akusa goma sha biyu mafi kyau, na bi shi.

Zango na farko wani birni ne a Jamus, a bakin wani ƙaton kogi da jiragen kaya ke bi, amma ban ga masunci ko ɗaya a kansa ba. Tun a filin jirgi Kawu ya miƙo hannu.

"Kawo fasfonka in aje maka. Ƙasar ga ɓarayin takarda sun yi yawa."

Na ba shi. Wa zai yi gardama da kawunsa a ƙasar da bai san gabas ba?

Ɗakin da ya sauke ni ba ɗakin kwana ba ne, ɗakin ajiya ne. Katifa a ƙasa, kwalaye har rufi, gumakan itace na ƙasashe daban-daban, ga warin hayaƙi da man ja ya kama komai. Akusana kuwa ya kwashe su ya kai garejinsa, ya ce can sun fi aminci.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, kwana biyun farko na ji daɗi. Ya kai ni ƙofar babban gidan zane na birnin ya bar ni. Na shiga da safe, ban fito ba sai da suka fara kashe fitilu. Hotunan da nake nuna wa ɗalibaina a littafi kamar tafin hannu, ga irinsu nan sun cika bango. Akwai wani na mata tsaye a bakin teku suna jiran jiragen mazajensu, hadari ya haɗu. Na tsaya a gabansa har ƙafata ta yi tsami, don na san wannan tsayuwar. Ita ce tsayuwar Inna idan iska ta tashi a tafki Baba bai dawo daga ƙetaren ruwa ba. A bene na sama kuma kayan ado ne: tangaran, agogon bango, kujeru, kofunan azurfa. Abin da ya fi burge ni shi ne 'yar takardar da ke gefen kowane abu. Har cokali da sunan maƙerinsa, da garinsu, da shekarar da aka haife shi da wadda ya mutu. Na ce a raina, mutanen nan sun san darajar hannu.

Rana ta uku Kawu ya shigo da wata jaka ya jefa mini a kan katifa.

"Sa wanga. Yau za ka fara nuna aikinka."

Na buɗe. Warki ne na fatar akuya, da sarƙar wuri, da wasu layu na bogi.

"Kawu, mi ke nan?"

"Kayan aiki."

"Ni malamin makaranta ne. In ɗalibaina sunka ga hotona da wanga, da wane ido zan shiga aji?"

"Nan ba Yelwa ba ce. Abin da suke son gani ke nan."

Na ce sai dai a mayar da ni gida. Muka ja, muka ja, daga ƙarshe ya bar ni da kaftanina, amma ya sa na cire agogo da tabarau da takalmi. Muna kan hanya ya ƙara da cewa, "Kuma kada in ji ka yi Turanci. Ko an tambaye ka, murmushi za ka yi, ni zan amsa."

Haka aka shimfiɗa mini tabarma a zauren wani ƙaramin gidan tarihi, aka ba ni guntun itace, na zauna ina sassaƙa ƙafa ba takalmi a kan dutse mai sanyi kamar ƙanƙara. Mutane suka kewaye ni suna ɗaukar hoto. Kawu ya sa kwat yana zuba Jamusanci, suna gyaɗa kai suna dubana da tausayi. Wani tsoho ya miƙo mini alewa. Wata mata ta durƙusa ta nuna bakinta ta nuna cikinta, wai ko ina jin yunwa. Ni da na karanta tarihin zanen ƙasarsu na ci jarrabawa a kai.

A rana ta biyu da wannan zama, mutane sun ragu, Kawu ya fita shan sigari, sai na ji murya a bayana.

"Sannu da aiki, ɗana."

Saura kaɗan gizago ya sare mini yatsa. Na waiga. Wata dattijuwa ce baƙa, da ɗankwali, tana tura keken kayan shara. Sunanta Rabi, mutuniyar Gaya ce ta Nijar, ta daɗe tana share gidan. Da na ce mata daga Yawuri nake, sai ta dafa ƙirji.

"Ashe ruwa guda munka sha. Kogin da ya wuce ƙofarmu shi ya iske ku." Sai ta rage murya. "Ka san abin da mutumen can ke faɗi a kanka?"

Na ce ban sani ba.

"Ya ce ba ka taɓa shiga makaranta ba. Ya ce bana ka fara sa takalmi. Ya ce aljanun ruwa ke koya maka zane cikin barci, kuma kafin ka sare itace sai ka yanka musu kaza."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Ta riƙe mini hannun riga.

"Zauna. Takardunka na hannunka?"

"Suna wurinsa."

Ta yagi takarda ta rubuta mini lambarta. Washegari ta kawo mini tuwon shinkafa da miyar kuka a roba, da kwalbar yaji. A bayan gidan, kusa da kwandunan shara, na zauna na ci, hawaye na zuba cikin miyar. Daga ranar nake kiranta Inna Rabi.

A mota na tuhumi Kawu. Ko kallona bai yi ba.

"Talla ce. Ka taɓa ganin mai kifi a Yelwa ya ce kifinsa ya kwana?"

"Amma ka ce ina yanka wa aljanu."

"Su wa sunka ji? Turawa. Gobe sun manta."

Na yi shiru. Wannan shirun shi ne abin da har yau nake jin haushin kaina a kansa. Na tuna Inna, na tuna fasfo, na koma kan tabarmar na yi kwana uku ina murmushi.

Zango na biyu Beljiyam ne. Kawu ya tuƙa mu a motarsa, bayanta cike da kwalaye. Ruwan sama bai ɗauke ba tun da muka shiga ƙasar har muka fita, irin ruwan da ba ya zuba ba ya dainawa. Ya sauke ni a wani gidan tarihi mai faɗi kamar gari, ya ce in kalli abin da nake so, shi yana da mutanen da zai gani.

Nan ne na fara shiga sashen kayan Afirka. Na ga ƙyaure da aka sassaƙa da hannun da ya fi nawa sau goma. Na ga sirdi, na ga tasoshin tagulla, na ga ƙorai masu zane irin na Fulanin da ke kawo nono kasuwarmu. Na ga wata babbar riga mai aska takwas, ɗinkin da na san mutum zai yi watanni a kansa har idonsa ya raunana. Na sunkuya in karanta sunan maɗinkin. An rubuta: ba a san wanda ya yi ba. A ƙasa kuma ga sunan hafsan sojan da ya kawo ta, da muƙaminsa, da shekarar haihuwarsa. Na matsa gaba, ba a san wanda ya yi ba. Na ƙara matsawa, haka. Ɗaki bayan ɗaki. Kamar kayan nan daga ƙasa suka tsiro. An san wanda ya ɗauka, an san jirgin da ya ɗauko, an san wanda ya gada ya bayar kyauta, mutum ɗaya ne kawai ba a sani ba, wanda ya zauna ya yi. Wanda ya iya rubuta sunan jirgi, tambayar sunan maɗinki ce ta gagare shi?

Na fito raina a jagule na zauna a kan matakala. Na kira matata Hauwa. Tana kasuwa, ina jin hayaniyar masu kifi da hon ɗin 'yan kabu-kabu a bayanta. Ta ce, "Lafiya kake? Muryarka ta canja." Na ce sanyi ne. Na roƙe ta kada ta kashe wayar, ta bar ni in saurari kasuwar kaɗan. Ta yi dariya ta ce Turai ta taɓa ni.

Sauran kwanakin Beljiyam a wani lungu na masu sayar da tsofaffin kaya muka yi su. Kawu ya shiga shago da kwali, ya fito babu kwali, ni ina tsaye a waje kamar jakin da aka ɗaure. Burodi da cuku safe da yamma. Ba don yajin Inna Rabi ba, da ban san me zai wuce maƙogwarona ba.

Zango na uku wani ƙaramin gari ne a Holand, mai magudanan ruwa a tsakiyar titi da kekuna ko'ina. Akwai gidan kayan ado a can, tsohon gidan wani attajiri ne aka mayar. Kafin mu shiga Kawu ya kashe mota ya juyo.

"Saurara da kyau. Matar da za mu gani ba ta jin Jamusanci sosai, da Turanci za mu yi. Kai ba ka ji. Duk abin da na tambaye ka da Hausa, ka ce i. In aikin ga ya yi kyau, zan sama maka takardar zama. Ka kawo Hauwa, ka kawo ɗiyarka. Ka gane?"

Muna da sauran lokaci, sai na zaga gidan. Tangaran fari da shuɗi, kabad masu zanen furanni, da wani ɗaki a sama na kayan zamani, inda na ga wata kujerar katako da aka yi a shekarar da aka haife ni, ga sunan mai ita da hotonsa yana dariya.

Aka shigar da mu ofis. Shugabar sashen wata dattijuwa ce siririya mai furfura, Madam Hilda. Ta gaishe mu da ladabi, ta ba mu shayi. Kawu ya ɗora kwali a kan tebur. Ta sa farar safar hannu, ta buɗe, ta ɗaga abin da ke ciki da hannu biyu kamar jariri.

Akushina ne.

Da ƙyar na gane shi. Shi ne mafi girma a cikin goma sha biyun, mai kifi biyu giwan ruwa suna bin juna. Wata uku kafin tafiyar na gama shi a ƙarƙashin mangwaron makarantarmu. Yanzu ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, an fasa bakinsa an ɗinke da waya mai tsatsa, an shafe cikinsa da wani abu da ya bushe ya yi ɓawo, da gashin kaza a manne. Sai a lokacin na gane warin da ke ɗakin da nake kwana, na kuma gane abin da ke cikin kwalayen Beljiyam.

Kawu ya fara bayani da Turanci mai santsi. Ya ce akushin ya haura shekara ɗari. Ya ce na tsafi ne, a cikinsa ake zuba wa dodon kogi jini kafin a fita kamun kifi. Ya ce wani gida ɗaya ne ke sassaƙa irinsa a wani ƙauye da ke ƙarƙashin tafki yanzu, kuma ya kira sunan tsohon ƙauyenmu. Ya ce da ruwa ya zo, tsofaffin gidan suka ƙi tashi, zuriyar masassaƙan ta ƙare a nan, babu wanda ya rage. Ya nuna ni ya ce ni jikan wani masunci ne da ya tsamo akushin, ban iya karatu ba, amma zan shaida.

Madam Hilda ta sa gilashin ƙara girma tana bin zanen kifin. Ta ce ba ta taɓa ganin hannu mai natsuwa irin wannan ba. Ta ce dubi yadda ya juya wutsiyar, wannan gwani ne na gaske. Ta ce za su ba shi akwatin gilashi shi kaɗai a tsakiyar ɗaki.

Ban taɓa jin an yabi aikina haka ba. Kuma ana yabon ne a kan gawata.

Kawu ya juyo ya ce da Hausa, "Ce i."

Na dubi akushin. Na tuna Baba zaune a kan guntun itace yana wasa gizago, mutumin da bai taɓa barin sallar asuba ta wuce shi ba, wanda yanzu aka nutsar da shi a ruwa aka kuma mayar da shi matsafi a cikin numfashi ɗaya.

"Idi, ce i mana."

Na ajiye kofin shayin. Na ce da Turanci, "Madam, ni na yi akushin nan. Bai kai wata biyar ba."

Gilashin ya tsaya a hannunta. Kawu ya yi wata dariya ya ce yaron ya rikice, sanyi ne. Na ce ta juya gindinsa ta ga inda aka kankare sunana. Ta juya, ga wurin nan ya yi rami. Na fito da wayata na nuna mata hotonsa sabo fil a kan teburin ajinmu, ga allo a baya da rubutun ranar. Na ce mahaifina yana raye, shi ya koya mini, kuma a akushi tuwo muke ci.

Kawu ya miƙe. Da Hausa ya ce, "Ka kashe ni, ɗan banza. Allah ya isa tsakanina da kai." Ya fita ya buga ƙofa.

Na zauna ina haki. Wallahi a lokacin na zaci abin da ya fi wuya ya wuce. Na zaci matar za ta ce, to ga gwanin a gabanmu, faɗa mana sunanka mu rubuta. Ta yi mini godiya sosai. Ta ce na ceci gidan daga babban abin kunya. Sannan ta zare safar hannunta, ta tura akushin gabana da yatsa.

"Ka yi haƙuri, ba za mu iya karɓarsa ba. Sabo ne."

"Madam, yanzun nan kika ce ba ki taɓa ganin hannu irin wannan ba."

"Aiki ne mai kyau, ban janye ba."

"To me ya canja a jikinsa?"

"Shekarunsa."

"A sama na ga kujerar da ba ta girme ni ba, da sunan mai ita da hotonsa."

"Wancan ɗakin na masu fasahar zamani ne."

"Ni fa?"

Fuskarta ta yi ja. Ta tashi ta nemo leda ta sa mini akushin a ciki, ta raka ni har ƙofa tana ta ba ni haƙuri. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Muddin mai akushin matacce ne marar suna, akwatin gilashi ne rabonsa. Da ya tashi ya yi magana, sai leda.

A waje babu Kawu, babu mota. Jakata da rigar sanyina da fasfona duk sun tafi da shi. Na tsaya a bakin magudanar ruwa da kaftani da leda a hannu, iska na yanka ni, wayata saura ƙiris ta mutu. Na yi ta tafiya ban san inda na nufa ba, har na ga wani shagon kayan miya da rubutun Larabci a ƙofa. Mai shagon Balarabe ne ɗan Maroko. Bai tambaye ni komai ba. Ya dubi rawar da jikina ke yi, ya sa wayata a caji, ya nuna mini bayan kanta inda zan yi azahar, ya zuba mini miya mai zafi. Da zan tafi ya ciro tsohuwar rigar sanyi daga ƙusa ya rataya mini a kafaɗa. Ko sunansa ban sani ba.

Na kira Inna Rabi. Ba ta ce "ai na faɗa maka" ba. Ta ce, "Tsaya inda kake." Ba a jima ba tikitin jirgin ƙasa ya shigo wayata, da sunayen tashoshin da zan canja. Awa huɗu na yi a jirgin nan ba takarda ko ɗaya a jikina. Da muka zo kan iyaka 'yan sanda biyu suka shigo taragonmu. Na rungume ledar, na karanta duk abin da na haddace. Suka tsaya a kan wani saurayi da ke gabana, suka duba takardunsa, suka dube ni, sai rediyon ɗayan ya yi magana, suka wuce da sauri. Na jiƙe da gumi a cikin wannan sanyin.

Washegari da hantsi Inna Rabi ta ja ni har ƙofar Kawu. Ta danna ƙararrawa ta ƙi ɗaga yatsa har ya buɗe.

"Labbo kake ko? Ba ni fasfon yaron ga."

"Ke wace ce? Maganar gida ce."

"Gidan ne ya sa na zo da ƙafata ban aiko 'yan sanda ba. Ka san abin da dokar ƙasar ga ta ce a kan mai riƙe takardun wani. Ka kuma san ran Juma'a mijina na sahun gaba a masallacin da kake zuwa. Zaɓi wanda ka fi so."

Ya shiga ya jefo jakata waje, ya jefo fasfo da tikitin komawa a kai. Na tambaye shi sauran akusana goma sha ɗaya. Ya ce in je Beljiyam in nema.

Kwana tara na yi a falon Inna Rabi da mijinta Malam Isa kafin ranar jirgina. Kullum sai na koma babban gidan zanen nan da littafina, ina kwaikwayon hannu da fuska da yadda haske ke faɗuwa a kan tufa. Wannan karon da agogona da tabarauna da takalmina. Abin da na koyo a kwana taran nan shi nake koya wa ɗalibaina yanzu, kuma shi kaɗai ne ribar tafiyar.

Na iso gida na tarar labari ya riga ni. Kawu ya bugo waya ya ce na tozarta shi a gaban Turawa, na ɓata masa sana'ar shekara ashirin, bayan ya ɗauke ni don zumunci. Inna ta yi mako ba ta amsa gaisuwata da kyau. Na zauna na faɗa wa Baba komai, daga warki har leda. Ya ci gaba da fafe turminsa.

Bayan wata biyar Kawu ya zo gida. Aka tara dangi a zauren yayan su Inna da Kawu a Wara, aka kira ni. Dattawa suka yi ta magana a kan girman kawu da haƙƙin wanda ya yi maka hanya. Babu wanda ya tambaye ni abin da ya faru. Suka ce in durƙusa in ba shi haƙuri. Na dubi Baba, ina jiran ya tare mini.

Ya ce, "Durƙusa. Kawunka ne."

Na durƙusa. Ban taɓa jin ƙasa ta yi mini zafi a gwiwa irin na ranar ba. Na ce ya yafe mini. Kawu ya ɗaga hannu kamar mai raba sadaka ya ce ya yafe, yaro ne. Dattawa suka fara shafa fatiha.

Sai Baba ya ce, "Ku dakata."

Ya gyara zama ya fuskanci Kawu. Muryarsa ko tashi ba ta yi ba.

"Labbo, yaro ya ba ka girmanka. Saura nawa. An ce ka faɗa wa Turawa gidanmu ya ƙare cikin ruwa, ba wanda ya saura. To ga ni zaune, ban sani ba ko na mutu ba a gaya mini ba. Faɗa wa mutanen ga, wa ya yi mini wanka? Wa ya yi mini salla?"



"An kuma ce ka ce ubana na zuba wa dodo jini a akushi. Ubana shi ya koya maka alwala ranar da uwarka ta kawo ka ƙauyenmu kana majina. Ga yayanka nan, yana wurin. In ƙarya nike, ya tashi ya ce."

Yayan nasu bai tashi ba. Ya dubi ƙasa. Kawu ya fara cewa ai talla ce, ba a fahimce shi ba. Baba ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Matacce ba ya zaman sulhu," ya ce. "Tashi, Idi. Akwai itacen da za mu yanko kafin rana ta yi."

Muka fito. Inna tana tsaye a bayan ƙyaure, ta ji komai. Ba ta shiga wurin ƙaninta ba. Ta ɗauki mayafinta ta biyo mu.